Sunayen da muke goyawa a bayan jesi

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, ya aiki ya jama'a, Allah ya ƙara basira. Dan Allah ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu, maganar tawa zata ɗan yi tsawo amma ka yi haƙuri dani don abun ya daɗe yana cina a rai.

Ni sana'ata buga suna da lamba a bayan rigunan ƙwallo, ina da ɗan shago a Tudun Wada nan kusa da Kasuwar Barci, kuma ni ɗan Arsenal ne tun zamanin Kanu ban taɓa ɓoyewa ba. Duk wanda yasan aikin nan yasan harafi-harafi muke lissafa kuɗi, shi yasa babu mai ƙirga haruffan sunan ɗan ƙwallo kamar mu, mutumin gidan kallo shi ihu kawai yake idan an ci, ni kuwa sai na jera haruffan nan ɗaya bayan ɗaya akan riga in auna da tef kar su karkace, in ɗora takarda in danne da inji mai zafi, in ɗaga in jira ya huce kafin in ɓare ledar. In ka yi shekaru kana wannan dole wata rana ka tsaya ka tambayi kanka wai shin sunan nan da nake ta mannawa a bayan 'ya'yan mutane me ma yake nufi.

Wanda ya fara tsayar dani wani yaro ne da bai wuce shekara sha huɗu ba, ya zo da jar riga a leda da kuɗinsa 'yan canji da ya tara, yace in buga masa Ødegaard lamba 8. Na jera haruffa zan danne sai ya riƙe min hannu yace Baba tsaya, O ɗin farko ba haka take ba akwai kara da ya gitta ta, ya ciro waya ya nuna min. Ni kuma kwalin haruffana babu wannan, sai na ɗauko harafin I na tsaga shi siriri da reza na gitta a tsakiyar O ɗin na danne, yaro ya karɓi rigarsa yana ta murna ya tafi. Da dare bayan na rufe shago na shiga intanet ina neman dalilin wannan karan, daga nan fa na faɗa dogon labari. Ashe a yaren Norwe sunan kalma biyu ne aka haɗa, ta farko tana nufin wurin da aka watse aka bari, ta biyu gona ko gidan gona. A 1349 wata annoba ta shiga ƙasar ta jirgin ruwa ta kashe kusan rabin jama'a ko ma fiye, gidaje da gonaki suka zama ba kowa ciyawa ta cinye su, sai bayan shekaru masu yawa da mutane suka sake yaɗuwa wasu suka koma suka share wuraren suka zauna, aka riƙa kiransu da sunan wurin. Malam Edita wannan ai kufai kenan. Duk wanda ya taso a ƙauye yasan kufai, inda zaka ga tsohuwar kuka da fasassun tukwane da dutsen niƙa a yashe amma ba mutum ko ɗaya, kuma manomi yasan ƙasar kufai tafi kowace ƙasa yin hatsi. Kyaftin ɗin Arsenal sunansa Nakufai in da Bahaushe ne. Wallahi ranar na daɗe ban yi barci ba, saboda tunanina ya tafi kan ƙauyukan Birnin Gwari da Giwa da 'yan bindiga suka tayar, mutanen suna nan cikin garin nan a Rigasa da sauran unguwanni suna raɓe a gidajen 'yan uwa, nace Allah ka nuna mana ranar da za a koma a share waɗannan kufan a sake zama kamar yadda mutanen Norwe suka koma.

Tun daga lokacin duk sunan da ya zo hannuna sai na bi diddiginsa. Shi kansa sunan kulob ɗin ya bani mamaki. Ma'aikatan masana'antar makamai ta Woolwich a Landan ne suka kafa shi a 1886, shi yasa akwai igwa a tambarin, kamar dai ace ma'aikatan DICON, kamfanin ƙera makamai na Kakuri, su haɗa kuɗi su sayi ƙwallo su kafa ƙungiya. Kalmar arsenal kuma asalinta Larabci ce, darus-sina'a, gidan ƙere-ƙere, ta bi ta bakin Italiyawa ta shiga Turanci, kuma daga wannan sina'a ɗin muka samo tamu kalmar ta sana'a. Kaga duk mai cewa Arsenal gidan sana'a yake cewa bai sani ba.

Abun da yasa na zauna rubuta wasiƙar nan ma musu ne aka yi a teburin mai shayi satin da ya wuce bayan an tashi daga gidan kallo, wani ya rantse da Allah Declan Rice kakanninsa manoman shinkafa ne, ana ta dariya ana ce masa fam miliyan 105 aka ba West Ham a 2023 akan buhun shinkafa ɗaya. Na ce masa a'a, sunan daga yankin Wels ya fito, asalinsa Rhys ne, sunan yanka ne na maza a can, Ingilishi ne suka rubuta shi yadda ya zo musu a baki har ya yi kama da sunan abinci. Haka Granit Xhaka, mutanen Albaniya idan sun haɗa x da h j suke karantawa, shi yasa ake cewa Jaka, ba ruwansa da jakar ratayawa. Wojciech Szczęsny kuwa sai da na rubuta shi da babban baƙi na liƙa a bangon shago saboda duk wanda ya ce zai rubuta shi da ka sai ya ɓata riga, amma ma'anarsa a yaren Folan mai sauƙi ce, mai sa'a, wato Sa'adu ko Rabo.

Inda abun yafi min daɗi shine inda zaka ga sunan namu ne ya zaga duniya ya dawo da wata kama. Yarbawa musulmi suna cewa Sakariyau su gajarta su ce Saka, mu kuma wannan sunan dai na Annabi Zakariyya muka yanke ta ɗaya gefen muka ce Ya'u, wasu su ce Zakari, to duk lokacin da na buga SAKA lamba 7 sai in tuna da hakan, kuma ita ce rigar da tafi fita a shagona, harafi huɗu ne kuɗin ba yawa. Bacary Sagna da ya yi shekaru yana tsare mana dama, Bakari ɗin nan Abubakar ne a bakin mutanen Senigal da Mali, mu muce Garba ko Habu ko Buba, Barebari su ce Bukar, kenan Sagna da Garba Lawal ɗan Kaduna da ya buga a Roda ta Holan takwarori ne. Lawal ɗin ma ai lissafi ne, Auwal na farko, Sani na biyu, Salisu na uku, Rabi'u na huɗu, Hamisu na biyar, gidan da uba yake son duk 'ya'yansa su ci sunan Manzon Allah sai a bambanta su da ƙirga. Bature yana ganin SALISU a bayan ɗan Gana da ya buga a Southampton ya wuce Monaco yana zaton sunan dangi ne, bai san Muhammadu na uku ake nufi ba. Emmanuel Adebayor shima Adebayo ne na Yarbawa, a Togo aka rubuta shi da r a ƙarshe.

Nwankwo Kanu kuwa, wanda saboda shi rabin garin nan suka zama 'yan Arsenal tun da ya zo daga Inter a 1999, musamman ranar da ya zura wa Chelsea uku a gidansu cikin minti sha biyar na ƙarshe bayan suna gaba da biyu, sunansa na Nwankwo irin namu ne sak. Inyamurai suna da ranakun kasuwa huɗu, Eke da Orie da Afo da Nkwo, nwa kuma ɗa ne, yaron da aka haifa ranar Nkwo shine Nwankwo, kamar yadda muke da Ɗanladi da Ɗantala da Balarabe da Ɗanlami da Ɗanjuma da Ɗan'asabe. Wani abokin cinikina ɗan Sabon Tasha ne ya fara faɗa min wannan muna hira yana jiran rigunan ƙungiyar cocinsu, shi ya kuma ce min Eze da aka sayo daga Crystal Palace a 2025 sunansa Sarki ne a yarensu. Ɗanjuma ma ai ya hau bayan riga a Turai, Arnaut Danjuma da aka haifa a Legas ya bugawa Holan, yana da sunan Holan na Groeneveld amma Danjuma duniya ta san shi dashi, ranar da na fara ganin sunan a talabijin a rigar Villarreal sai da na miƙe tsaye a gidan kallo.

Na sana'a ma suna da yawa. Alan Smith da ya ci ƙwallon da ta ba Arsenal kofin Turai akan Parma a 1994 Maƙeri ne sunansa, Wright mai ƙira ko sassaƙa ne, Chamberlain kuma sarautar fada ce, mai kula da cikin gidan sarki, kamar Sarkin Gida a wurinmu, Oxlade ɗin da ke gaba a sunan Alex Oxlade-Chamberlain na mahaifiyarsa ne aka haɗa da na uban, harafi 17 kenan, sau ɗaya aka taɓa sa ni buga shi cikakke sai da na lanƙwasa shi kamar baka daga kafaɗa zuwa kafaɗa. Sokratis ɗan Girka shi sunan yankansa ya sa a riga saboda Papastathopoulos harafi 16 ne, kuma Papa ɗin da ke farko alama ce ta cewa a kakanni akwai limamin coci, kamar muce gidan Liman. Na wuri kuma ga Zubimendi, a yaren mutanen Bask na Sifaniya zubi gada ce mendi kuma dutse, ga 'yan Holan da van ɗinsu wanda yake kamar na ko ɗan a wurinmu. Mu ma ai haka muka yi da boko ya zo, aji ɗaya Muhammadu biyar Abubakar huɗu sai malami ya liƙa wa kowa sunan garinsu, daga nan aka samu Aminu Kano da Shehu Shagari da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Isa Kaita, sunan gari ya zama sunan gida har jikoki.

Amma Malam Edita ba duka sunayen ne ke da daɗin ji ba, akwai waɗanda idan ka bi su sai jikinka ya yi sanyi. Ka ɗauki Sol Campbell, baƙin mutum ƙaƙƙarfa da ya baro Tottenham ya zo mana a 2001, shi ya ci mana ƙwallo da ka a wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai da Barcelona a 2006. Campbell sunan wata zuri'a ce ta Sikotlan, asalin ma'anarsa mai karkataccen baki, to me ya haɗa baƙar fata da zuri'ar Sikotlan? Iyayensa 'yan Jamaika ne, kuma a Jamaika sunan ya cika ko'ina saboda Turawan da suka mallaki gonakin rake da bayin da ke cikinsu da yawa 'yan Sikotlan ne, bawa kuma an raba shi da sunan da uwarsa ta raɗa masa tun a bakin teku, da aka soke bauta a ƙasashen da Ingila ke mulka a 1834 mutane da yawa sunan ubangidan ko na mai kula da gonar suka tashi dashi. Ian Wright shima iyayensa daga Jamaika suke. Thierry Henry mai ƙwallo 228 wanda har yau ba wanda ya kamo shi a kulob ɗin, babansa ɗan tsibirin Guadeloupe ne mamansa 'yar Martinique, can kuma da Faransa ta soke bauta a 1848 ma'aikatan gwamnati ne suka zauna da rajista suna raba wa 'yantattu sunayen dangi. Ka duba fa, mutum ya zo gaban tebur wani ya zaɓa masa sunan da jikokin jikokinsa zasu amsa.

Na Birazil ya ma fi taɓa ni saboda ya shafe mu kai tsaye. Muna da Gabriel har uku a lokaci ɗaya, Martinelli ya zo 2019, Magalhães 2020, Jesus 2022, Jibrilu uku kenan a ƙungiya ɗaya. Martinelli sunan Italiyawa ne da suka yi ƙaura can, Magalhães na Fotugal ne, shine ainihin sunan matuƙin jirgin nan Magellan da tawagarsa ta tashi a 1519 ta zaga duniya. Shi kuwa Jesus, na sha ganin yaro musulmi yana son ɗan wasan amma ya tsaya yana jan ƙafa akan sunan, sai in ce masa su can suna sa wannan sunan ne kamar yadda muke sa Isa, in ransa bai kwanta ba in buga masa lambar kawai, ba a tilasta wa mutum abun da zai goya a bayansa. Amma irin waɗannan sunaye na addini, Jesus da Santos da Nascimento wanda shine na Pele, da Silva mai nufin daji irin na Gilberto Silva ɗinmu na 2004 da aka gama kaka ba a ci mu ba, sun yi yawa a tsakanin jikokin bayi saboda ana sauke mutum daga jirgi ake masa baftisma a bashi sabon suna. Kuma cikin waɗanda aka sauke a jihar Bahia akwai Hausawa da yawa, waɗanda aka kama a yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan 1804 aka yi ta sayar dasu hannu zuwa hannu har bakin teku. A 1807 Hausawa ne suka shirya tawaye a birnin Salvador, a 1835 kuma cikin watan azumi musulmi bayi da 'yantattu, Yarbawa da Hausawa, suka yi babban bore, da aka murƙushe su an samu layu da takardu da rubutun Larabci a jikinsu. Sai 1888 aka soke bauta a ƙasar. Ba cewa nake Gilberto Bahaushe bane, abun da nake cewa shine a cikin masu amsa Silva da Santos a yau akwai jikokin wani Tanko da wani Gambo da wata Kande da aka shafe sunansu ƙarfi da yaji. Su ƙwace musu aka yi. Mu kuwa namu yana hannunmu muke wasa dashi, kuma nan ne ainihin inda nake son zuwa.

A 2020 Arsenal ta sayi wani gola ɗan Aislan, Rúnar Alex Rúnarsson, bai daɗe ba kuma bai yi wani abun kirki ba, amma sunansa ya koya min abu. Babansa tsohon ɗan ƙwallo ne sunansa Rúnar Kristinsson, kaga uba Kristinsson ɗa Rúnarsson, ba su da sunan dangi ɗaya da ake gada, kowa sunan ubansa yake ɗauka ya ƙara son wato ɗan wane, jika kuma ya ɗauki na nasa uban. Ka tuna wasanmu dasu a kofin duniya na Rasha a 2018 da Ahmed Musa ya ci biyu, duk sha ɗayan da suka fara wasan sunansu da son ya ƙare. To ai MUSA ɗin da ke bayan wanda ya ci su ɗin ma tsarin ɗaya ne, Ahmed ɗan Musa. Mu da mutanen Aislan hanyarmu ɗaya, bambancin kawai su sun tsaya akan tsarinsu sun sa duniya ta karɓa a haka, a fasfo da komai, mu kuma fom ɗin Bature ya zo da akwatin da aka rubuta sunan dangi muka rasa me zamu sa a ciki, yau mutum ya sa sunan uba gobe na kaka jibi na gari, wani ma'aikacin kuma ya juya su yadda ya ga dama ba tare da ya tambaya ba.

Wannan ba ƙaramin abu bane, na gani da idona. Akwai wani yaro a layinmu ɗan hagu, tun yana firamare nake buga masa lamba 11 kyauta saboda in yana da ƙwallo a ƙafa har masu wucewa tsayawa suke, aka samu wata makarantar horar da 'yan ƙwallo ta turo masa takardar gayyata zuwa gwaji a waje. Da aka zo haɗa takardu sai ga takardar haihuwa da sunansa sannan na babansa, ta makaranta na baban ne a gaba an kuma ƙara sunan garinsu a ƙarshe, fasfo kuma an sa sunan kakansa a matsayin sunan dangi, a wata takardar Muhammad a wata Mohammed, mutum ɗaya ya zama mutum uku. Babansa dattijo mai sayar da itace ya yi ta zirga-zirga daga wannan ofis zuwa wancan, aka yi takardar rantsuwa a kotu aka buga sanarwa a jarida, kafin a gama gyara lokacin gwajin ya wuce. Ranar da ya zo shago ya faɗa min bai yi kuka ba amma ya zauna akan benci ya fi awa ɗaya bai ce komai ba, yanzu Keke yake ja, yana dai buga wasan unguwa da yamma. Kai kanka Malam Edita ka san yawan sanarwar gyaran suna da ake kawo muku, kowace ɗaya akwai irin wannan wahalar a bayanta.

Ko manyan 'yan wasanmu basu tsira ba. Sadiq Umar yaron Kaduna ne, a nan gida Sadiq Umar muka san shi, Turawa suka juya suka ce Umar Sadiq, sai in buɗe jaridar Hausa in ga mu ma mun bi su. A wasan Olamfik na Rio a 2016 da muka ci Honduras uku da biyu muka ɗauko tagulla, Sadiq Umar ya ci biyu Aminu Umar ya ci ɗaya, mai sharhi da bai san tsarinmu ba sai ya zata 'yan gida ɗaya ne. Shehu Abdullahi na Sakkwato da ke cikin wannan tawagar shima yau a rubuta Shehu Abdullahi gobe Abdullahi Shehu. Wanda ya burge ni Zaidu Sanusi ne na Porto, ZAIDU ne a bayan rigarsa, sunansa na yanka, kuma da wannan sunan ya ci Benfica ƙwallon da ta basu kambun gasar lig ta ƙasar a 2022, duk Fotugal ta koyi faɗinsa.

Sannan ga Babangida, wanda ni a wurina babu sunan da ya hau riga a Turai da ya kai shi ɗaukar al'adarmu. Tijjani Babangida haifaffen Kaduna, ya tafi Ajax a 1996 shekarar da suka ɗauko zinare a Atlanta, ya ci Afirka ta Kudu biyu a Legas a wasan kusa da ƙarshe na kofin Afirka na 2000, yaran gidan gem ma sun san shi da gudu kamar iska, ƙannensa Ibrahim da Haruna duk sun buga a Turai. Dubban Turawa sun yi ta rera sunan nan a filin Amsterdam, basu san cewa sunan alkunya bane, yaro ne aka sa masa sunan kakansa, matan gida bazasu iya kama sunan surukinsu ba sai su sakaya su ce Babangida, kamar yadda ake Abba da Ummi da Uwani. Kunyar matan Hausa ce ta je har Holan a bayan riga. Celestine Babayaro na Chelsea shima ɗan garin nan ne, kaji sunan ka san a ina aka yi shi. Yaranmu na yanzu da yawa basu san wannan ba, ka tambayi mai suna Gambo me yasa ake ce masa Gambo sai ya ɗaga kafaɗa, alhali yasan sunan budurwar ɗan wasan Madrid.

Ita kanta al'adar sa suna a bayan riga ba tsohuwa bace, a Ingila an fara ta ne a wasan ƙarshe na kofin lig na 1993 tsakanin Arsenal da Sheffield Wednesday, firimiya ta ɗauka a kakar da ta biyo, a kofin duniya kuma sai 1994 a Amurka, wanda shine zuwanmu na farko. Kuma ka duba ikon Allah, a wasanmu na farko da Bulgeriya da muka ci uku da nema, wanda ya ci ta farko Rashidi Yekini a Kaduna aka haife shi a ƙungiyar masaƙar UNTL ya fara, wanda ya ci ta biyu Daniel Amokachi shima haifaffen Kaduna ne daga Ranchers Bees ya fita. Sunaye biyu na farko da duniya ta fara karantawa a bayan rigar Najeriya suna murnar ƙwallo a kofin duniya na 'yan garin nan ne, ɗaya musulmi ɗaya kirista, ina ƙaramin yaro lokacin muka kalla a talabijin ɗin maƙwabta an fito da ita tsakar gida.

Roƙona gareku shine dan Allah masu rubuta shafin wasanni su daina kwafo sunan yaranmu yadda kafafen Turawa suka juya shi, a rubuta shi yadda ake kiransa a gidansu, in an yi shakka a tambaye shi ai yawancinsu waya ɗaya ce tsakani. A kuma riƙa sa mana ƙ da ɗ da ɓ a inda suke, tunda mutanen Norwe basu yar da karan O ɗinsu ba har yaron Tudun Wada yana riƙe min hannu akansa, ban ga dalilin da zai sa jaridar Hausa ta rubuta Ɗanjuma ba lanƙwasa ba. In da hali kuma ku ware ɗan gurbi ko layi goma ne duk sati, a ɗauko sunan ɗan wasa ɗaya na waje da ɗaya na gida a faɗi asalinsu, na tabbata matasa zasu karanta don duk abun da aka haɗa da ƙwallo suna bi, malaman Hausa na jami'o'inmu na Zariya da nan Kaduna kuma bazasu ƙi taimakawa ba. Hausawa sun ce suna linzami ne, kuma ni ina ganin yadda yaro ke canza tafiya idan ya sa riga mai suna.

A nawa ɓangaren na fara abun da zan iya. Wata ƙungiyar unguwa daga Rigasa sun kawo min riguna 18 zasu shiga gasar hutu, takardar da kocinsu ya miƙo min duk Messi ne da Neymar da Mbappe da Kante har biyu, na ce masa koci in kun yarda duk wanda ya sa sunansa ko na mahaifinsa zan cire masa kuɗin harafi uku. Ya koma ya yi musu magana, sha ɗaya sun yarda bakwai sun ce su dai a bar musu laƙabinsu, ban ja dasu ba na buga musu. A cikin sha ɗayan akwai mai tsaron gidansu wanda babansa ya rasu bara, sunan marigayin da ɗ mai lanƙwasa ya fara, kamfanin da ke yin haruffan nan kuma basu san da ita ba, jiya da daddare na zauna da reza na yanko lanƙwasar daga jikin harafin J na ɗora a kan D ɗin na danne, ta zauna daram. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci zasu zo karɓa.

Na gode da wannan fili, Allah ya bar zumunci.

Naku mai karatu a kullum,
mai buga suna a riguna,
Tudun Wada, Kaduna.